Motar Lawali Tana Yoyo

Tushiyar kara ce ta soki Inna Aminatu a tafin ƙafar hagu, ranar da ta bi mata roron wake a gonar bayan gari. Ba ta ji zafi ba, don tun da ciwon sukari ya kama ta ƙafafunta suka zama kamar na aro. Sai da ta dawo gida ta zauna alwalar la'asar ta ga jini ya bushe a cikin takalminta. Ta wanke wurin, ta ɗaure da tsumma, ta ci gaba da harkarta.

Mikin bai rufe ba. Bakinsa ya yi fari, gefensa ya kumbura, ya fara tsatsar ruwa. Surayya, matar ɗanta, ta raka ta ƙaramar likita, wato asibitin nan Bawdeta. Majo, ma'aikacin jinyar da ke kula da wurin, ya wanke ciwon, ya naɗe shi, ya ba da ƙwayoyi, sannan ya ja Surayya gefe ya ce mata wannan ya fi ƙarfin kayan aikinsa. A kai tsohuwar Tasawa, kuma kada a ce sai an gama kaka, domin ƙafar mai sukari ba ta jira.

Surayya ba ta damu sosai ba, tunda akwai mota a gidan. Mijinta Lawali, ɗan farin Inna, mai sayen wake ne da riɗi a kasuwannin karkara, kuma bara ya sayo wata farar mota ta hannu daga Kwatano, irin wadda ke canja giya da kanta. A cikin gida yake ajiye ta, ƙarƙashin rumfar kwano da ke jingine da ɗakin Inna. Idan ya tayar da ita da safe har ƙwaryar da ke rataye a bangon tsohuwar sai ta yi rawa.

Inna ba ta taɓa kiran sunan Lawali ba, kamar yadda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. "Mai gidan nan" take cewa, ko "wancan yaron". Ba ta haɗa ido da shi, ba ta roƙonsa komai kai tsaye. Don haka Surayya ce ta kai masa maganar majo, yana zaune yana shan fura.

Ya ajiye ludayin ya ce ai kuwa an zo a mugun lokaci, motar tana yoyo. Ya kama hannun Surayya ya kai ta rumfa ya nuna mata ƙasa. Yashi ya jiƙe da wani jan mai a daidai tsakiyar motar, kuma suna tsaye wani ɗigon ya sake faɗowa. Ya ce man bwat ne, wato akwatin giya, kuma irin wannan mota in man nan ya yi ƙasa sai inji ya yi ta kuka ita kuwa ta ƙi gaba. Yaya zai ɗauki tsohuwa marar lafiya ya je ya tsaya da ita a tsakiyar daji cikin rana?

"Ki ce mata ta yi haƙuri. Da an gyara, ita ce ta hwarko."

Gaskiya ne motar tana yoyo, kuma washegari ya kai ta wurin Mahaman makanike, wanda ke aiki a gindin bishiyar bedi a bakin tasha. Mahaman ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi, ya shafa yatsa a gefen kaskon da ke riƙe man, ya fito. Ya ce robar da ke tsakanin kaskon da jikin bwat ce ta mutu, abin da suke kira juwan. Ta bushe ta lanƙwashe, ga shi kuma bakin kaskon ya ɗan lotsa, da alama ya daki dutse a hanya. Gyaran ba wuya: a juye man, a kwance kaskon, a kankare tsohuwar roba tas, a miƙe bakin, a sa sabuwa. Sabuwar ce sai an aiko daga Maradi, kuma motar za ta yini a wurinsa.

Yinin nan shi ne Lawali bai da shi. Wake ya fara shigowa kasuwa, kowace rana akwai inda take ci, kuma wanda ya makara sai ya tarar an kwashe mai kyau. Ya ce Mahaman ya ƙara ɗaure ƙusoshin kawai. Mahaman ya ce in an matse su fiye da kima robar za ta tsage. Lawali ya ce shi dai a ɗaure. Aka ɗaure. Ya sayi galan na jan mai ya jefa a but, ya kama hanyar kasuwar Koona.

Ya dawo da buhuna har kan rufin mota. Da safe yoyon ya ninka.

Daga nan rayuwar gidan ta ɗauki wani tsari. Da hantsi Lawali zai buɗe gaban mota, ya zaro sandar awon mai ya goge ya mayar, ya ƙara abin da ya zube, ya leƙa ƙofar ɗakin Inna ya ce, "Ina kwana, Inna, ya jiki?" Ita kuma daga ciki, fuskarta a bango, ta ce da sauƙi. Sai ya tafi. Da yamma Surayya ta tuna masa, shi kuma ya ce ba ta ga abin da ke zuba ba? Kasuwa daban, ɗaukar marar lafiya daban. In motar ta tsaya masa da buhuna, buhu ba ya jin ƙishirwa.

Kumburin ya haura idon sawu. Inna ta daina zuwa masallacin mata ranar Juma'a, sannan ta daina fita tsakar gida tsince wake, sannan ta koma salla a zaune. Ƙwayoyin majo suka ƙare. Zazzaɓi ya fara zuwa mata da la'asar, ya sake ta da gumi. Abinci ya fita ranta, sai kunu take kurɓa, shi ma rabin kofi.

Surayya ta ce to a sa ta a motar haya, ko a samu mai kabu-kabu mai hankali ya goya ta a babur a hankali. Nan ne Lawali ya ɓata rai. Ya ce so take a yi da shi a gari? A ga uwar mai mota an cusa ta cikin awaki da buhunan gawayi, ko an ɗaure ta a bayan babur kamar tunkiya? Me abokan cinikinsa za su ce? Ya ce muddin yana raye, Inna ba za ta shiga motar kowa ba sai tasa. Maganar ta fito kamar ta girmamawa, Surayya ba ta san ta inda za ta kama ta ba.

Ya sake komawa wurin Mahaman, wannan karon da wani farin danƙo a kwali da wani direba ya ce masa yana toshe kowane yoyo. Mahaman ya ce danƙo ba ya kama ƙarfe mai maiƙo, kuma ba a shafa shi ta waje. Ya sake cewa ya ba shi yini ɗaya, shi da kansa zai kira Maradi. Lawali ya ce bayan kasuwar Gazawa. Aka shafa danƙon. Ya riƙe har zuwa azahar, sannan ya ɓare ya rataya kamar ɓawon rogo.

Da warin ya fara fitowa daga ɗakin, Surayya ta je ta sami Baba Sama'ila, ƙanen marigayi mijin Inna, wanda shi ne babba a dangi. Ya saurare ta yana jan casbi. Ya ce yaron yana ƙoƙari, shi ke ciyar da gida uku, kuma kaka sau ɗaya take zuwa a shekara. Ya ce su mutanen likita da sun ga ciwo sai su ce Tasawa, alhali iyayenmu da sassaƙe suka warke. Ya aiko da wanzami. Wanzamin ya tsaga kumburin a wurare da dama, ya barbaɗa garin magani, ya ce kada ruwa ya taɓa. Inna ta cije gefen zane, wannan karon kam ta ji, don zafin ya haura inda ƙafar ke da rai.

Surayya ita ma ta gaji. Tana da goyo, ga girki, ga wankin tsummokaran da ba sa ƙarewa. Ta fara ajiye kwanon kunu a bakin ƙofa maimakon ta shiga. Ta fara kunna turaren wuta a tsakar gida ta hana yara zuwa wajen. In maƙwabta sun tambaya, sai ta ce ita mace ce, ta faɗa ta sake faɗa, abin da mai gida ya yanke shi ke nan. Wannan ma gaskiya ne. Amma lambar Jamila, ƙanwar Lawali da ke aure a Attantane, tana cikin wayarta, kuma ba ta kira ba, don Lawali ya ce kada a tayar wa yarinya da hankali a kan ɗan gyambo.

Inna tana kwance tana jin komai ta bango. Tana jin ƙarar murfin galan, tana jin man yana kwarara, tana jin an rufe gaban mota. Tana jin dariyar abokan cinikinsa idan sun zo ya tafi da su. Wata safiya ta ji ɗayansu yana cewa in sun bi ta Tasawa su tsaya su karya kafin su wuce Mayahi. Ta yi ta juya maganar a ranta. Ta Tasawa za su bi.

Ta ja jiki a ƙasa har bakin ƙofa, ta ɗaga labulen. Lawali yana tsugune yana goge hannu da tsumma, mutum uku sun riga sun shiga mota.

"Lawali."

Ya juyo kamar an watsa masa ruwa. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Surayya da ke bakin murhu ta saki muciya.

"In akwai wuri, ku aje ni Tasawa. Ko bakin hanya ne, zan nemi mai kai ni."

Ya zo ya durƙusa a gabanta. Sai a lokacin ya ga ƙafar da idonsa, don kullum daga bakin ƙofa yake gaisuwa. Yatsu biyu sun yi baƙi. Ya kau da kai, idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce wallahi gobe, gobe da sassafe, yau ya riga ya yi alkawari da mutanen nan, kuma akwai babban mai saye da ya taso tun daga Kano yana jiransu a Mayahi. Ya ce ga shi ba wuri, ba zai matse ta a tsakanin maza ba. Yau ɗin nan in ya dawo zai bar wa Mahaman motar.

Inna ta saki labulen.

Bai dawo ranar ba. Cinikin Mayahi ya yi kyau, aka ce akwai wake mai arha a ƙauyukan arewa, ya wuce can. Da ya dawo sai ya ce motar ta wahala ƙwarai a cikin yashi, yanzu kam ko Koona ba zai yarda ya kai ta da mutum a ciki ba. Mahaman ya yanka masa juwan na wucin gadi daga kwali mai kauri, bisa nacinsa, yana faɗa masa ba zai daɗe ba. Bai daɗe ba. Inna ba ta sake tambaya ba. In ya gaishe ta daga ƙofa ta kan amsa, in zazzaɓi ya bar ta ta gane muryar.

Ba Surayya ce ta kira Jamila ba. Wata mai tallan nono ce da ke zagaya kasuwanni ta haɗu da ita a Mayahi ta ce mata, in tana son ganin uwarta da rai ta je. Jamila ta iso Bawdeta da rana tsaka a bayan babur, da jaririnta a goye. Ta shiga ɗakin, ta fito ta yi amai a gindin katanga, ta wanke baki ta koma. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta tambayi Surayya zane mai tsabta, ta fita tasha ta samo motar da ke ɗaukar kaya zuwa Tasawa, ta roƙi direban ya shigo har ƙofar gida. Lawali yana kasuwa. Baba Sama'ila ya zo da sauri ya ce a jira mai gida ya dawo, ba a fitar da uwar mutum ba da saninsa ba.

"Baba, ni ma uwata ce," in ji Jamila.

Aka shimfiɗa tabarma a kan buhunan hatsi, aka kwantar da Inna, Jamila ta riƙe lema a kanta.

A Tasawa likitan ya buɗe tsumman, ya duba, ya tambayi tun yaushe. Da aka faɗa masa, ya sa aka ɗaura mata ruwa, ya ce sai Maradi. A Maradi aka ce ƙafar ta riga ta mutu, kuma in ba a raba ta da jikin ba za ta tafi da mai ita. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Labari ya iso Bawdeta da hantsi. Kafin azahar dangi sun cika gidan, kowa yana tambayar yaushe za a je dubiya. Liman ya ce zai je, mai gari ya ce zai aika wakili, surukan Lawali suka ce a ajiye musu wuri. Lawali ya tura mota wurin Mahaman.

Mahaman ya kira wani mai sayar da kayan mota a Maradi, aka ba direban motar haya sabon juwan, ya iso kafin la'asar a cikin leda. Washegari da safe Mahaman ya ɗaga motar, ya tara baho ya juye man, ya kwance kaskon. Ya kankare kwali da danƙo da ragowar tsohuwar roba har ƙarfen ya yi haske, ya wanke shi da isansi, wato fetur, ya ɗora shi a kan katako ya bubbuga lotsewar da ƙaramar guduma. Ya shimfiɗa sabuwar roba, ya mayar da kaskon, ya bi ƙusoshin ɗaya nan ɗaya can yana ɗaurewa da sauƙin hannu. Ya zuba sabon mai, ya tayar da inji, ya bar shi ya yi zafi, ya sake leƙawa. Ƙarfen a bushe. Ba a kira azahar ba ya miƙa wa Lawali makulli. Lawali ya karɓa bai dube shi ba.

Motar ta je Maradi cike da manya ta dawo, ta sake zuwa da mata da kwanonin abinci. Lawali ya sayi bargo, ya sayi madara, ya tsaya a bakin gadon Inna ya yi kuka a gaban kowa. Kukan na gaske ne, kuma waɗanda suka gani sun kawo labarinsa gida. Ya ce wa masu dubiya ƙaddara ce, da ma motar ta samu lafiya da wuri. Baba Sama'ila ya ce abin da Allah ya rubuta ba mai goge shi. Surayya ta ce ita kam ta yi iya yinta. Jamila tana zaune a ƙasa tana ba jaririnta nono, ba ta ɗaga kai ba. Ita ce ta kwana a tabarma a gefen gadon har aka sallame su, ita ke ɗaga tsohuwar ta kai ta bayan gida, har mijinta ya fara aiko saƙo daga Attantane yana tambayar ko ta manta tana da ɗaki.

Ranar sallama Lawali ya wanke motar, ya sa Inna a kujerar gaba, ya ɗora mata matashi. Da suka shigo Bawdeta ranar kasuwa ce, sai ya sauke gilashi ya rage gudu. Mutane suka yi ta ɗaga hannu suna barka da arziki. Masu shayi suka miƙe. Wani tsoho ya dafa ƙofar motar ya bi ta 'yan taku yana sa wa Lawali albarka, yana cewa haka ake son ɗa, ya ɗauki uwarsa a gaban mota ba a baya ba. Inna tana kallon gabanta, hannunta a kan zanen da ya faɗa a inda ƙafa take a da.

Abin da ya faru ke nan a gidan, kuma ba wanda ya doki tsohuwar, ba wanda ya zage ta, ba wanda ya hana ta abinci. In ka bi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, kowa zai ba ka dalili, kuma kowane dalili da gaskiya a cikinsa. Mota ta yi yoyo, kaka ba ta jira, mace ba ta tsallake maganar miji, babba ba ya kunyata ɗan da ke riƙe da dangi. Cikin waɗannan gaskiya aka bar mace mai rai ta ruɓe a ɗaki, bango ɗaya tsakaninta da motar da ke fita kullum. Waken da Lawali ya tara a kakar nan yana nan a sito yana jiran tsada, kuma zai same ta. Sunansa bai ragu ba a gari, ƙaruwa ma ya yi.

Jamila ta koma Attantane. Inna ta koma ɗakinta, sai dai yanzu an sauke mata katifa ƙasa, kuma an sassaƙo mata sanda mai reshe da take sawa a hammata. Tana koyon tafiya daga ƙofa zuwa randa, ta huta, ta dawo.

Wata ranar Juma'a matan unguwa suka shigo gaishe ta bayan an sauko. Suka zauna a tabarma suna jajanta mata, suna yaba bargon, suna yaba yadda aka yi ta zirga-zirga da mota har Maradi. Wata daga cikinsu, wadda 'ya'yanta duk suka tafi ci-rani ba aike, ta share hawaye da gefen mayafi ta ɗaga hannu sama.

"Aminatu, ke kam kin haihu. Allah ya ba mu ɗa irin naki."

Matan suka shafa, suka ce amin, suka juyo suna jiran tata. Surayya tana tsaye a bakin ƙofa da butar shayi. Inna ta daɗe tana duban tabarma.

"Ku miƙo mini sandar nan," ta ce. "Ina son in yi alwala."